Sarkin Noma, Gayya da Rumbun Tsimi: Yadda Manoman Ƙasar Gaya Suka Riƙe Juna

Gaisuwa ga Hajiya shugaba da 'yan kwamiti, da iyayenmu mata da suka kafa wannan ƙungiya, da sauran 'yan uwa na cikin garin Gaya da na ƙauyuka har zuwa ɓangaren Ajingi. Allah ya maimaita mana wannan rana. Waɗanda aka fara tafiyar da su suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu ya kai haske kabarinsu.

Tun taron da ya wuce ake ta kai-komo a kan asusun taimako. Wasu sun ce a rufe shi, a haɗa kuɗin da riba a raba, kowa ta ji da gabanta tunda rayuwa ta yi tsada. Wasu sun ce a'a, a bar shi. A cikin musun ne na ji ana cewa wai ai asusun baƙon abu ne, masu kawo tallafi ne suka zo mana da shi tare da rajista da littafin ajiya. To rajista kam baƙuwa ce, ban musa ba. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta farko a Najeriya Turawa ne suka yi ta a 1935. Amma a ce masu sana'a ɗaya su ware wani abu daga guminsu saboda wanda ya gaza a cikinsu, wannan ya girmi Bature a ƙasar nan nesa ba kusa ba. Shi ya sa da aka ce a kawo tarihi don wannan mujalla, na zaɓi in kawo na manoma da sarkinsu, don mu ga inda abin ya samo tushe, da inda ya yi kyau, da kuma inda ya yi rauni.

Garinmu tsohon gari ne. Labarin da aka gada a Kano yana cewa Abagayawa, wato maƙeran da suka fara zama a gindin Dala suna neman tama, daga Gaya suka tashi. Littafin Tarihin Kano kuma ya ambaci sarautar Gaya tun zamanin Sarkin Kano Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, inda aka ce wani mai suna Agalfati ya zo ya zama Sarkin Gaya. Abin da ya ja hankalina a nan shi ne maƙeran. Me maƙeri yake ƙerawa? Takobi da mashi sai lokacin yaƙi, amma garma da fartanya da sungumi da magirbi kullum ne. Inda duk kika ga maƙera sun yi ƙarfi, to akwai manoman da ke ciyar da su. A da ma sau da yawa ba kuɗi ake ba maƙeri ba. Zai gyara wa gida kayan aiki da bazara, ya jira kaka a kai masa daminsa. Haka wanzami, haka malamin allo. Kin ga tun daga nan gari ya ɗauru da igiya ɗaya, in gona ta yi kyau kowa ya ci, in ta ƙi kowa ya ji a jikinsa.

Kowace sana'a a ƙasar Hausa tana da shugabanta: Sarkin Maƙera, Sarkin Pawa, Sarkin Aska, Sarkin Kasuwa, Sarkin Ruwa ga masunta. Manoma nasu shi ne Sarkin Noma. Kada dai wata ta ɗauka ƙungiya ce irin tamu mai sakatare da ma'aji da katin shaida. Babu wannan. Duk wanda ya riƙe fartanya ɗan ciki ne, tunda na duƙe tsohon ciniki ne, kusan kowa shi yake yi. Dagaci ko hakimi ko sarki ne yake naɗa rawanin, wani wuri gado ne, wani wuri kuma sai an ga rumbunan mutum. Shi ake tambaya in shuka ta yi gardama, shi ke shiga tsakani in an yi rikicin iyakar gona ko shanu sun yi ɓarna, kafin magana ta kai gaban mai gari. In fara ko tsuntsu sun sauka, shi ke tara jama'a. In ruwa ya ɗauke, yana cikin masu zuwa wajen liman a sa ranar roƙon ruwa, a fito da sadakar gumba da ƙosai a raba wa yara da almajirai.

Amma babban abin da ake auna Sarkin Noma da shi, hannunsa ne. Mutum zai iya cika rumbu ashirin, in ba a ci nasa, ba za a kira shi da wannan suna da zuciya ɗaya ba. Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne can wajen 'yan uwanmu na Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar. Wani Bafaranshe mai suna Guy Nicolas ya zauna a can ya rubuta yadda suke bikin da suke kira dubu. Manomin da ya noma dami dubu zai tara jama'a daga garuruwa, makaɗa da maroƙa da sauran sarakunan noma, a yi kwanaki ana ci ana sha, ya rabar da hatsi da tufafi da dabbobi, sannan a ɗauke shi Sarkin Noma. Wato ba tarawar ce take ba shi sarautar ba, rabarwar ce. Akwai tsafe-tsafe a cikin wancan biki, waɗanda mu nan addini ya riga ya raba mu da su tun da daɗewa, kuma Alhamdu lillahi. Abin da na ɗauka a ciki shi ne ma'aunin. Kuma ga wani abu da zai yi muku daɗi: a can mace ma tana iya yin nata bikin, ta fito da dukiyarta ta raba, a naɗa ta Tambara. Har yau akwai matan da ake kira da wannan suna.

Aikin da ya fi kowanne fito da haɗin kan manoma shi ne gayya. (Yara sukan tambaya ko daga gayya aka samo sunan Gaya. Kama ce kawai ta suna, ko da yake da haka ne da ba mu ƙi ba.) Damina gajeriya ce a nan. Daga ruwan shuka zuwa girbin gero bai fi wata uku da 'yan kwanaki ba, kuma ciyawa ba ta jiran kowa. In noman firi ya wuce mutum da kwana goma, ko ya zo ya yi maimai gonar ta riga ta raunana. To ga magidanci ya kwanta ciwo a tsakiyar wannan lokaci, ko kurkunu ya kama shi a ƙafa, wanda a da da damina ya fi kwantar da mutane. Ko ga mace mijinta ya rasu da bazara, ta shiga takaba, 'ya'ya ƙanana. In aka bar su, ba asarar wata ɗaya ba ce, yunwar shekara ce sukutum. Sai a kai magana ga Sarkin Noma, shi kuma ya kira Sarkin Samari, a sa rana. Da sassafe a ji gangar noma, samari su jeru a bakin kunya, makaɗi yana bin bayansu yana zuga wannan yana yi wa wancan zambo, wanda aka bari a baya ya sha dariyar 'yan mata. Kafin azahar an share gonar da mai ita zai yi sati biyu bai gama ba. Kiɗan noma ba ƙaramin abu ba ne a lokacin, ko Narambaɗa ma da kiɗan noma aka ce ya fara kafin ya koma waƙar sarauta.

Gayya iri-iri ce. Akwai ta taimako, irin wadda na faɗa. Akwai ta suruki, inda saurayi zai kwaso abokansa su nome wa uban yarinya gona. Akwai ta gari, yashe rijiya, gyaran hanya, share maƙabarta, yaɓen masallaci kafin ruwa ya sauka. Gidan wani ya ƙone da rani, washegari za ka ga wannan ya kawo kara, wancan ya kawo shuci, wani azara, kafin sati an ta da ɗaki. Rumbu ya ƙone kuwa, kowane gida sai ya kawo dami ko zangarniya gwargwadon hali. Akwai kuma gayyar masu mulki, gonar dagaci da ta hakimi, wadda ita sunanta ne kawai gayya amma ba ka isa ka ce ba za ka ba. Wannan ta zama abin kuka sosai a zamanin En'e, tana cikin abubuwan da 'yan NEPU suka yaƙa bayan kafa jam'iyyarsu a Kano a 1950.

Yanzu bari in tambaye ku, ranar gayya wa yake ciyar da mutum talatin ko arba'in? In ana ba da labarin gayya sai a yi ta maganar ganga da garma, a manta da turmi. Tun jajibere mata suke surfe da wanki da daka. Maƙwabta su shigo kowa da taɓaryarta, wannan ta kawo kuka, waccan daddawa, wata ta aro babbar tukunya. 'Yan mata su ɗauki ƙoren fura da tulunan ruwa su bi hanyar gona da hantsi. In gidan da ake yi wa gayyar ba su da ko tsaba, to matan unguwa ne za su haɗa, kowa ta ɗebo daga nata. Babu wanda ya naɗa musu rawani saboda wannan. Gayyar maza rana ɗaya ce a gona, ta mata kwana biyu ce a tsakar gida, kuma in an girbe su ne dai za su koma su yi roron wake da tsinkar gyaɗa da sussuka da shiƙa. Akwai wani littafi da wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta daga bakin wata tsohuwa, Baba mutuniyar Karo, aka buga shi a 1954. A ciki tsohuwar ta ba da labarin gandun gidansu da yadda mata suke riƙe juna da ƙawance da biki, ki kawo mini gudummawa ranar sunana, in mayar miki da abin da ya fi ranar naki. Duk wadda ta iya karatu ta neme shi, an mayar da shi Hausa. Za ta ga kakarta a ciki.

Sai maganar hatsi bayan ya shigo gida, wadda ita ce ta fi shafar musunmu na yau. Gida a da gandu ne, uba da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma babbar gona tare, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa da yake yi da yamma ko ranar da ba a fita gandu. Kafin a zuba dami a rumbu sai an fitar da zakka. Shari'a ta ce in amfanin ya kai wusuƙi 5, wato sa'i 300, a fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ne ya shayar, in kuwa ban ruwa aka yi da wahala, ɗaya bisa ashirin. Manomi ba ya zama yana lissafin sa'i, a bakin gona yake ƙirga dami, tara nasa, na goma na Allah. Bayan zakka kuma akwai abin da ba a rubuta a ko'ina ba amma kowa ya san shi. Akwai kala: in an kwashe gona ba a hana tsohuwa ko maraya su bi su tsinci abin da ya zuba, kuma manomin kirki ba ya tsananta kwasa don ya san akwai masu zuwa. Akwai damin liman, da na ungozoma, da na gwaggon da ta tsufa ba ta da kowa. Akwai aron gona ga baƙo ko wanda tasa ba ta isa ba. Akwai iri. Wanda yunwa ta sa ya cinye irinsa, in ruwan shuka ya sauka gidan Sarkin Noma ko wani babban manomi zai nufa, kuma abin kunya ne a ce ya dawo hannu wofi.

Sannan ga rumbun tsimi. Babban manomi ba ya buɗe rumbunansa gaba ɗaya. Akwai wanda ake ci da kaka da rani, akwai wanda ake liƙewa sai damina ta tsaya, lokacin da aiki ya fi yawa abinci ya fi ƙaranci. Akwai kuma wanda ba a taɓawa sam, ana barinsa shekara biyu ko uku. Gero a zangarniyarsa, in rumbun ya ginu da kyau kuma ba ya yoyo, yana daɗewa. Wannan rumbu ba na kasuwa ba ne, na ranar da Allah ya kawo jarrabawa ne, kuma in ranar ta zo ba 'yan gidan kaɗai suke ci ba. Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin watan marka. Lokacin ne tiyar gero take kai ƙarshen tsadarta, lokacin ne mace za ta zo ta tsaya a gaban kwanonki tana juya kuɗin hannunta, ki gane ba su kai ba tun kafin ta buɗe baki. Rumbun tsimi saboda wannan watan aka yi shi.

To me ya rushe wannan tsari? Ba abu ɗaya ba ne kuma ba rana ɗaya ba. Turawa sun ci Kano a 1903. A shekarun farko na mulkinsu suka tattara harajin da ake biya iri-iri, har da zakkar hatsi da ake kai wa sarki, suka mayar da su haraji guda, kuma suka matsa a biya da kuɗinsu. Hatsin da a da yake zaune a rumbu a cikin ƙasa, wanda ko ba komai ana iya buɗe shi in an shiga wuya, sai ya zama sulalla a baitulmali. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1912 aka fara sayen gyaɗa gadan-gadan. Su kamfanonin Turawa auduga suka sa rai, manoman Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi, in ba ta sayu ba ma a ci ta. Kuɗi ya shigo ƙauye yadda ba a taɓa gani ba. Sai ga shi a 1913 ruwa ya yi ƙaranci, 1914 aka shiga yunwar da wasu ke kira Kakalaba, mutane suka mutu da yawan gaske a ƙasar Kano da arewacinta, kuma ba a daina karɓar haraji ba. An sake shiga wata a 1927. Kowace irin wannan shekara tana cinye rumbun tsimi, kuma mayar da shi sai an samu damina mai kyau a jere, ga mai karɓar haraji yana tsaye a ƙofa tun kaka ba ta gama shigowa ba.

Gyaɗa ta yi mana rana, kada mu yi butulci. Dalar gyaɗa ta Kano da ake nunawa a hoto, wadda su Alhassan Ɗantata suka yi suna da ita, akwai gumin ƙauyukanmu a cikin buhunan. Mu mata kuma ita ta ba mu ƙuli-ƙuli da mai, jarin da iyayenmu da yawa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki da shi. Amma ita ce kuma ta koya wa saurayi cewa zai iya samun kuɗinsa shi kaɗai ba sai ya jira uba ya buɗe rumbu ba. Gandu ya fara tsagewa. Wanda a da zai zo gayya don fura da yabon makaɗi, yanzu ya ga in ya yi ƙodago ko jinga zai koma gida da kuɗi a aljihu. Da farin 1972 zuwa 1974 ya zo, sannan cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, ga kuɗin fetur yana kiran samari birni, sai aka wayi gari gangar noma ta koma ta bikin nuna al'adu. Gwamnatoci sun kawo nasu, Ciyar da Ƙasa a 1976, KNARDA da takin zamani a farkon shekarun 1980, kuma Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, talaka ya numfasa. Sai dai taki da iri ne suka kawo, ba su kawo wanda zai nome gonar mai takaba ba.

Kada kuma in yi muku zaƙin baki in ce zamanin da duk alheri ne. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, daga baya ta zo Ɗorayi a nan Kano. Abin da ta gani shi ne a ƙauye ɗaya akwai mai rumbu da yawa, akwai kuma wanda hatsinsa yake ƙarewa tun rani bai raba ba. Talaka yana sayarwa da kaka da araha saboda bashi da haraji, ya dawo da damina ya sayi hatsin nan da tsada, ko ya bar gonarsa ya je yi wa wani ƙodago don abincin yini, tasa gonar ciyawa ta cinye, baɗi ya fi bana talauci. Ita kanta gayya, in ba ta taimako ba ce, mai hali ne yake iya kiranta, don shi ke da abin ciyar da jama'a da sallamar makaɗa. Kuma hannun da yake ba da iri kyauta, wani lokaci shi ne yake ba da bashin dami ɗaya da damina a biya biyu da kaka, abin da malamai suka daɗe suna cewa riba ce. Taimakon da ya dogara ga halin mutum ɗaya haka yake. In an dace da Sarkin Noma mai tsoron Allah gari ya ji daɗi, in an samu mai son a sani, sai wanda ya iya durƙuso zai samu. Wadda ba ta da namiji mai kai maganarta zaure kuwa, sai dai in wata ta tuna da ita.

A nan ne nake ganin mu mun fi su da abu ɗaya, wato alƙalami. Hukumar ilimin manya ta Jihar Kano an kafa ta a 1980, kuma da yawa a cikinmu, har da ni, ta wannan ƙofa muka shiga muka iya rubuta sunanmu da lissafin cinikinmu. Abin da aka rubuta ba ya bin son ran shugaba. An ce kowa ta zuba kaza, an ce ga wadda ta cancanta, rashin lafiya, haihuwa mai wuya, gobara, mutuwar miji, to ko ba kya shiri da ma'aji haƙƙinki yana nan a littafi. Ga masu cewa tsarin na waje ne kuma, ku ji wannan. Irin ajiyar akwati da ƙungiyoyin tallafi suke koyarwa yanzu a ƙasashe da yawa na Afirka har da Asiya, a ƙasar Maraɗi aka fara shi a 1991, ƙungiyar CARE da matan karkara, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. A kan adashi aka gina shi, adashin nan dai namu da uwar adashi. Galibi inda ake yin sa, ban da kuɗin ajiya da na rance akwai ɗan asusu na daban don wadda masifa ta faɗa wa. Wato abin namu ne ya fita ya zaga duniya ya dawo da takarda a hannu.

Na san abin da ke damun masu son a rufe asusun, kuma ba rowa ba ce. Wata tana zubawa shekara da shekaru ba ta taɓa karɓa ba, ga jarinta yana narkewa a hannu. Kuɗin da aka ajiye bara, bana ba ya sayen abin da zai saya, musamman tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo. Wannan gaskiya ce, kuma duk mai auna hatsi ta gan ta da idonta. Amma ku lura, manoman da ba kuɗi suke tsimi ba. Hatsi suke ajiyewa, don hatsi ba ya faɗuwa a watan da ake neman sa, hawa yake yi. Naira dubu goma da aka kulle a akwati da kaka, in marka ta zo ta rame. Geron da aka saya da ita da kaka kuwa, in marka ta zo ya yi ƙiba. A Nijar bayan shekarun fari an yi ta kafa irin wannan a ƙauyuka, suna kiransa bankin hatsi, kuma da yawa mata ne suke riƙe da su.

Don haka shawarar da zan kawo gaban taro ita ce kada a rufe asusun, a canja masa kama. Da kaka, lokacin da kaya suka fi araha a kasuwannin Gaya da Kademi da Ajingi, a fitar da kaso mafi yawa na kuɗin a sayi gero da dawa da wake. Wadda take noma ko mijinta yake noma, a bar ta ta zuba nata da tiya maimakon kuɗi, a rubuta. Wake a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda ba ya buƙatar magani, in an ɗaure shi da kyau ƙwari ba sa rayuwa a ciki. A samu ɗaki mai siminti a ɗora buhunan a kan katako, a sa kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku da ba gida ɗaya suke ba, ɗaya daga cikinsu ta fito daga ƙauye. Kada a buɗe sai damina ta tsaya, sai fa in gobara ko mutuwa ta faɗo. In an buɗe, kaso ɗaya kyauta ne ga masu takaba da marasa lafiya, kaso ɗaya rance ne tiya da tiya ba ƙari, saura a sayar wa 'yan ƙungiya ƙasa da kuɗin kasuwa, kuɗin ya koma sayen na baɗi. Ta haka wadda ba ta taɓa karɓar taimako ba ita ma za ta ga amfanin zubinta a tukunyarta. Sunan wadda aka ba kyauta ya tsaya a littafi tsakanin mutum ukun nan da shugaba, kada a karanta shi a taro, don wasu kunya ce take hana su tambaya har abin ya yi muni.

Akwai sauran magana a kan hayar ɗakin da wanda zai riƙa dubawa saboda ɓera da yoyo, da kuma ko za mu kai wa Sarkin Noma da masu unguwanni gaisuwa mu sanar da su, tunda in muna son a koma yi wa masu takabarmu noma, samari a hannunsu suke. Na roƙi Hajiya shugaba ta sa wannan a ajandar taro mai zuwa. Masu sayar da hatsi a cikinmu, don Allah kowa ta zo da farashin tiya na kakar bara da na markar bana a rubuce, mu ɗora lissafin a kan tabarma kowa ta gani kafin a ɗaga hannu.